Fitilar Birkin Motar Hajiya Yalwa

Ku da kuka cika min benci kuna ta latse-latsen waya, na ji abin da kuke faɗa jiya, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai gyaran wutar mota ya zama wasan yara. Wai ka sayi 'yar kwamfutar nan mai kamar akwatin ashana, ka soka ta ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto maka ciwon mota a waya, ka canza abin da ta ce, shi ke nan ka zama oga. To madalla. Ni ma ina da ita, ga ta can a rataye, kuma ban raina ta ba. Amma ku gyara zama ku ji yadda muka ƙare da motar Hajiya Yalwa, in ya so sai ku sake faɗa min sauƙin sana'ar.

Ni a Kano na koyi aiki, a hannun Baba Modu, wani dattijo ɗan asalin Barno da iyayensa suka daɗe da zama a birni. A lokacin motoci ba su yi wayo ba. Kayan aikinmu filaya ce, da sukundireba wadda bakinta ya cinye, da ƙwan fitila guda da aka ɗaura wa waya biyu. In ƙwan ya kama akwai wuta, in bai kama ba ka ci gaba da nema. Na daɗe a garejin nan aikina fere waya da wanke kan batir, kafin a yarda in kwance ko da fitilar baya. Abin da ya fi ba mu haushi da tsohon nan shi ne, in an kawo mota ba ya taɓa ta. Sai ya zaunar da direba ya yi ta tambaya: yaushe ta fara, da safe ko da rana, a kwalta ko a burji, wa ya taɓa ta kafin nan. Mu kuwa muna gefe muna hamma, muna cewa surutun tsufa ne. Sai da na dawo gida na buɗe nawa garejin a nan bakin hanyar Ɗanbatta na kama kaina ina yin irin tambayoyinsa, har da irin gyaran muryarsa.

Bari in fara gaya muku abin da fitilar ABS take nufi, don na lura wasunku sunanta kawai suka sani. Kowace ƙafar mota tana da sensa, ɗan abu kamar babban yatsa, yana fuskantar wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya. Aikinsa ya ji saurin juyin ƙafar, ya aika labari ta waya zuwa wani akwati da ke gaba. In ka taka birki da ƙarfi a kan santsi, ƙafa ta nemi ƙamewa, akwatin ne zai riƙa saki yana kamawa don kada mota ta ja ka cikin gonar mutane. Da zarar sensa guda ta yi shiru, akwatin sai ya janye hannunsa ya kunna 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba. Birki na nan yana ci, amma taimakon nan ya tafi. A hanyoyinmu kuwa abin da ke rufe bakin sensa ba ya ƙirguwa. Akwai taɓo, akwai garin ƙarfe da maganaɗisunta ke tarawa, na taɓa zaro harawar wake da ta nannaɗe wata kamar an ɗaura da gangan.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi aka kawo min motar. Shekarar nan kam Allah kada ya maimaita mana. Masu motoci duk sun jingine su sun lulluɓe da tamfol, alhazai sun koma hawa babur, kaji har ƙwai suke saka wa a ƙarƙashin motocin haya a tasha. Ni da ake layi a ƙofata, sai ga ni ina gyaran injin ban ruwa da fitilun sola, ranar da babu ko wannan in tafi gona. Direbobi kuwa sun fi mu shan wuya, wanda duk aka sallama to sai dai ya nemi fartanya.

Ana cikin wannan hali, wata safiya da damina ta ja baya, Malam Mamman ya tsayar da mota a nan inda kuke zaune. Malam Mamman direban Hajiya Yalwa ne, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, siririn mutum mara hayaniya, tun maigidanta na da rai yake tuƙi a gidan. Ita kuwa Hajiya, duk wanda ke sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tsakanin nan da Kunci ya san ta. Dattijuwa ce mai faɗa a ji, mai kyauta, Allah kuma ya yi mata jiki masha Allah. Motar ɗanta Auwalu ne ya aiko mata daga Legas inda yake aiki, ya kuma ja wa Malam Mamman kunne cewa duk fitilar da ya ga ta kama ya faɗa, kada ya yi shiru.

Muka gaisa, ya nuna min fitilar, ga ta nan tar. Ya ce an riga an kai ta wurare biyu. Na farko ya canza sensar ƙafar baya ta dama, ta yi 'yan kwanaki ta dawo. Na biyu ya ce ai boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, aka canza boris da zobensa, ta sake dawowa. Na soka kwamfuta, irin taku ɗin nan, ta ce ƙafar baya ta dama. Na ce mata mun gode, wannan kam an riga an gaya mana. Na sa jak, na cire taya, na zare sensar na goge ta tas, na leƙa haƙoran zobe babu wanda ya karye, na zare soket, wato mahaɗar wayar, na hure na mayar. Aka tayar da mota, fitila ta kama ta mutu kamar yadda ya kamata. Malam Mamman ya yi ta godiya ya tafi, ni kuma na koma kan injin ban ruwan da nake fama da shi.

Ba a yi mako ba sai ga shi ya dawo, fuska babu annuri. A irin wannan motar sensar hagu da ta dama duk ɗaya ne, sai na musanya su, na ce in sensa ce mai laifi ciwon zai bi ta ya koma hagu. Ciwo ya ƙi tashi daga dama. To ba sensa ba ce ke nan, saura waya. Na ɗauko mita na auna wayar tun daga ƙafa har akwatin gaba, mita ta yi ƙara, alamar hanya a buɗe take. Na bi ta da yatsa ina murzawa, babu inda ta ƙuje, babu inda ɓera ya ci. Na sauke mota, fitila ta mutu. Kafin ya kai kwanar kasuwa ta dawo. Haka muka yi ta yi, ya zo in taɓa ta lafa, ya tafi ta tashi, har mai shayin can ya fara tambayata ko motar a wurina take haya.

Wani yammaci ya zo bai ko buɗe bonet ba, ya zauna a kan bencin nan ya cire hula ya riƙe. Na aika aka kawo shayi. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe duk wannan zirga-zirgar Hajiya ba ta taɓa ganin fitilar nan da idonta ba, ko sau ɗaya. Kullum labari take ji, kullum ana fitar da kuɗin gyara. Ya ɗauki hoton fitilar a waya an tura wa Auwalu, shi kuma wani ya gaya masa ai kowa zai iya zare waya ya ɗauki hoto ya mayar. Ban ga laifin yaron ba, yana nesa, kuma direbobin da ke haɗa baki da makanikai ba ƙarya ba ne, akwai su. Magana dai ta kai ga Auwalu ya ce ya sami wani direban, da an gama kaka Malam Mamman ya ajiye makulli. Malam Mamman ya ce da ni rasa aikin ma da sauƙi, ko da yake bai san inda zai dosa ba a wannan shekara. Abin da ke hana shi barci shi ne a ce a garinsu, inda kowa ya san kowa, Mamman ya ci amanar gidan da ya tsufa a ciki.

Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushi, don ni ma sunana yana cikin zargin. Wani direban tasha da ke sauraro ya ce a cire ƙwan fitilar mana kowa ya huta, ko a manna baƙin tef a kai. Malam Mamman ya girgiza kai. Ya ce ran wata Laraba da aka yi ruwa, yana dawowa shi kaɗai, akuya ta gitta, ya taka birki motar ta juya da shi sai da ta kalli inda ta fito. Ya ce shi ba zai rufe idon abin da ke ɗauke da rayukan mutane ba, ko da za a kore shi gobe.

Nan na ajiye sifana na koma irin na Baba Modu. Na ce ya ba ni labarin yininsa tun daga fitowa. Ya ce da safe in ya tayar da ita don ya wanke, fitila a kunne. Ya kashe. A loda jarkokin man gyaɗa a but, Hajiya ta fito ta shiga ta yi addu'ar hawa abin hawa, sannan ya murza makulli, don a gidan ba a tayar da mota sai ta zauna ta shafa. Fitila ta kama ta mutu. Su tafi har kasuwa lafiya ƙalau, da yake in tana ciki tuƙin lallaɓa yake yi, ko rami ba ya bari ta ji. Ya sauke ta, a sauke kaya, ya tayar zai je shan mai, fitila ta dawo. Na ce to me ya hana ka kira ta ta gani tun da safe? Ya ce ya yi. Ya shiga har zaure ya roƙe ta ta fito, ta fito, amma kun san babbar mace ba za ta tsaya a ƙofar gida tana leƙen tagar direba ba. Sai ta buɗe ƙofar baya ta zauna ta ce to nuna min. Ya murza makulli, fitila ta mutu. Ta dube shi, ta fita ta koma gida.

"Wallahi Malam Sani," in ji shi, "har na fara tunanin ko ba ta Allah ba ce. Da Hajiya ta shigo sai fitilar ta ɓuya."

Na tambaye shi a wane gefe take zama. Ya ce a baya mana, ta dama, inda mai mota ke zama.

Ban ƙarasa shayina ba. Na tashi na zagaya bayan motar na tsaya daga nesa, sai yanzu na lura bayanta ya fi na 'yan'uwanta tsayi. Na durƙusa na leƙa, sai ga wasu robobi masu kauri an cusa a saman sifirin ɗin ƙafafun baya. Ya ce ai tun farkon damina aka ɗaga ta, saboda hanyar garinsu ta zaizaye, cikinta na dukan ƙasa in an yi lodi. Kowa na yin haka a nan, ku ma kun sani, ba wanda yake ɗaukarsa a bakin gyara balle ya faɗa wa mai wuta. Na leƙa wayar sensar, wannan karon mota na tsaye da ƙafafunta babu jak. Ga ta a miƙe ɗaure kamar igiyar shanya. 'Yar robar da ke riƙe soket a jikin mota ta karye, duk jan ya koma kan wayar da ke shigewa ciki.

Kun ga inda abin ya ɓuya? Ni duk lokacin da zan auna, a ƙarƙashin hannun ƙafar nake kafa jak, ya tura ƙafar sama, waya ta saki, mita ta ce lafiya. Tagullar da ke cikin wayar ta riga ta tsinke, robar waje ce kawai ke riƙe da ita. In an ja, bakin biyu su rabu. In an saki, su haɗu.

Na je wurin wani mai awon hatsi da ke kusa na ce ya ara min buhun masara. Muka kinkimo shi ni da Malam Mamman muna nishi, muka ajiye a kujerar baya ta dama. Mota ta ɗan zauna. Ya murza makulli, fitila ta mutu. Muka janye buhu, ta kama. Muka mayar, ya kashe ya tayar, ta mutu. Malam Mamman ya dubi buhu, ya dube ni, ya rufe baki da hula. Ni kam sai da na zauna a ƙasa don dariya, mai awo yana tsaye yana tambaya me masararsa ta yi.

Gyaran kansa ba komai ba ne, a yanke inda ya tsinke, a ƙara tsawo, a yi dalma, a ɗaure. Malam Mamman ya ce in yi maza in gyara. Na ce a'a. In na gyara yau fitila ta tafi, to har abada Hajiya ba ta gan ta ba, kai kuma ka tabbata maƙaryacin da ya ji za a kore shi ya daina. Sai ta gani da idonta. Ya ce to wa zai gaya mata dalili? Nan fa ɗaya. Na ce mu je dai, Allah zai ba mu abin faɗa.

Washegari bayan la'asar na zuba kayan aikina a jaka muka tafi. Hanya duk gero ne an fara yanka, ga gyaɗa an tuge an jera a kunya. Ni ban ga ko ɗaya da kyau ba, ina ta juya magana a raina. In ce jarkoki ne? Ai yau babu jarka a but. In ce buhun masara muka sa a madadinta? Wannan ai ko hanyar gida ba zan gane ba. Har muka isa ban sami ta faɗa ba.

Aka yi mana sallama da ita, ta fito zaure muka gaisa. Ta tambayi iyali da aiki, amma gaisuwar a daƙile take, na san ni ma tana kallona a cikin masu cin kuɗinta. Na ce alfarma ɗaya na zo nema, ta fito ta shiga mota. Ta ce an taɓa yin wannan wasan. Na ce ta yi haƙuri ta ƙara na yau. Ta yafa mayafi ta fito. Kafin nan dattawan da ke hira a gindin darbejiya sun matso, matan da ke suyar ƙuli suna leƙe ta bakin zaure. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna, Malam Mamman ya tayar, fitila ta kama ta mutu. Ta ce to ga shi nan, me kuma ya rage?

Na ce kada ya kashe. Na durƙusa na ce Hajiya don girman Allah ki fito ki zagayo nan wajen direba. Ta yi min wani irin kallo, amma ta fito. Tana sauke ƙafa ta biyu mota ta ɗago, tana zagayowa ta tarar da fitila tar. Ta sunkuya ta ƙura mata ido. Ta ce a sake. Ta koma ta zauna, aka kashe aka tayar, babu. Ta fito, ga ta. Wannan karon da kanta ta ce a ƙara, har tana sauri wajen zagayowa kamar za ta kama ɓarawo.

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "To Sani, mene ne wannan? Me ya sa ba ta kamawa sai na fita?"

Malam Mamman ya sunkuyar da kai yana kallon sitiyari, gumi na bin wuyansa. Ni kuma bakina ya bushe. Ban san daga inda maganar ta zo ba, na dai ji na ce:

"Hajiya, ai motar nan nauyinki take ji."

Wani tsoho ya yi tari. Hajiya ta dube ni, ta dubi kujerarta, ta dubi bayan motar. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta fashe da dariya har da dafa ƙofa, matan zaure suka ɗauka, dattawa ma da suke ta dannewa suka saki. Ta ce Sani Allah ya shirye ka, wato duk Ɗanbatta an rasa mai gaya min na yi ƙiba sai mota. Na ce ni dai ban faɗa ba. Na nuna mata robobin da aka cusa, na nuna mata wayar, na yi mata bayanin yadda take rabuwa da haɗuwa. Da yake mace ce da ta san injin matsar mai ciki da waje, nan da nan ta gane.

Sai dariyar ta ɗauke. Ta juya wajen Malam Mamman, wanda har lokacin bai ɗago ba. Ta sa aka miƙo mata waya, ta kira Auwalu a gaban kowa, ta ce ta ga fitila da idonta, Mamman bai yi ƙarya ba, maganar wani direba kuma a bar ta. Ta kashe wayar. Ta matsa kusa da tagar, ta rage murya, amma duk mun ji.

"Malam Mamman, na ɗauki alhakinka. Ka yafe min."

Ya fito daga motar ya durƙusa, ya ce babu komai Hajiya, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni na shige ƙarƙashin mota da dalmata, don idona ya fara yi min wani iri kuma ba na son dattawa su gani. Daga can ƙasa ƙafafunsu kawai nake hange. Na ga nata sun juya sun nufi zaure, sai na ji muryarsa a hankali yana tambaya ko gobe da wane lokaci za a fita.

Ba ta ko tsaya ba ta ce, "Kamar kullum mana."